DARASI: YADDA MAI TAFIYA A ƘASA ZAI RAGE NAUYIN KAYANSA



A nan ƙasar Dakoro tafiya a ƙasa ba baƙon abu ba ce. Da ruwan shuka ya sauka, masu gonakin nesa sukan ɗaure kaya su tafi tunga, su yi kwana biyar ko goma ba su leƙo gida ba. Makiyaya sukan kora bisashe arewa, su ƙetare kwarin Tarka su nufi wajen Bermo da Gadabeji, wasu har Ingal wurin lasar gishiri. Bayan kaka kuma samari su kama hanyar cin rani. Mai jaki ko amalanke ya huta. Darasinmu na yau na wanda ba shi da abin ɗaukar kaya ne sai kansa da kafaɗarsa.

Mu fara da tambaya: kilo nawa ya kamata mutum ya ɗauka idan zai wuni yana tafiya? Masana sukan ba da shawara kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarsu. Wato mutum mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12. Yaro kuwa kada a aza masa abin da ya wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Na san wani zai ce: "Ai matanmu suna ɗauko bido mai lita 25 daga rijiya." Gaskiya ne, amma daga rijiya zuwa gida daban, tafiyar wuni daban. Su ma ɗin a tambaye su labarin wuyansu da bayansu. Kaya mai nauyi yana cin gwiwa da ƙugu, yana sa ƙafa ta yi bororo, yana kuma ƙara gumi da ƙishirwa.

To, ga inda wuyar take. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma babu dabarar da za ta rage ta. Mai tafiya cikin zafin watan Afrilu ko Mayu yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa guda. Rijiyoyinmu kuwa kun san su: ga zurfi, ga nisa tsakaninsu. Mu ce ka ɗauki lita 5. Cikin kilo 12 ɗinka saura 7. Tiyar gero ɗaya wajen kilo biyu da rabi ce. Saura kilo huɗu da rabi ke nan. A cikin ɗan wannan ne shimfiɗa, da sutura, da abin girki, da magani za su shiga. Saboda haka kowane abu, kafin ya shiga jaka, sai a tambaye shi: aiki nawa kake yi?

Ni kaina da wuya na koyi wannan. Shekarun baya na fita rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci da damina, babur ya lalace, sai na taka a ƙasa tsakanin ƙauyuka biyu. Jakata cike take da littattafai, da takalmi na biyu, da bargo, da tawul, da rediyo. Ruwa kuwa ƴar gora ɗaya. Kafin azahar ruwan ya ƙare, kaina yana sarawa, na zube gindin aduwa. Wani dattijo makiyayi ne ya same ni ya ba ni ruwa daga salkarsa. Na dubi kayansa: rawani, sanda, wuƙa, ƙwarya, buzu. Ya ɗaga jakata ya ji nauyinta, ya ajiye, bai ce komai ba. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Mu duba rawanin nan. Yana tsare kai daga rana, yana tsare hanci da baki daga ƙura. Da dare mayafi ne ko matashin kai. Idan an naɗe shi ya zama gammo. Idan igiyar guga ta gaza kaiwa ruwa, a ɗaura shi a ƙara tsawo. Idan hannu ya karye, da shi ake rataye hannun a wuya. Idan rana ta take, a kafa sanda a ɗaura shi ga reshe, an samu inuwa. Ga mata, zane yana yin duk wannan aiki. Mai rawani ba ya bukatar tawul, kuma in ba lokacin ɗari ba ne, ba ya bukatar bargo.

Aikinsa mafi girma shi ne tace ruwa. Manya ba su manta da kurkunu ba, cutar da take kwantar da manomi tsakiyar damina. Ƙananan ƙwarin da suke ɗauke da ita suna cikin ruwan tabki, kuma ƙyalle yana tare su. Tace ruwa na cikin abubuwan da suka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a shekarar 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Amma a 2024 ma an same ta a maƙwabciyarmu Cadi. A ƙasar Bangaladash kuma, wani bincike da aka bayyana a 2003 ya nuna cewa ƙauyukan da mata suke tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu, cutar kwalara ta ragu a cikinsu da kusan rabi. Mu da muka ga kwalara a jihar Maraɗi a 2018 da 2021 bai kamata mu raina wannan ba. Sai dai a kula: ba da gefen da aka share gumi ake tacewa ba. A wanke ƙyallen da sabulu, a shanya shi a rana, a ninka huɗu. Kuma tacewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan an tace, a tafasa ruwan, ko a jefa ƙwayar Aquatabs yadda takardarta ta ce, a jira minti 30.

Sanda kuma dogari ce ga gwiwa wajen hawan tudun rairayi. Da ita ake gwada zurfin ruwa kafin a shiga, da ita ake bugun ciyawa don maciji ya kauce. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari mutum, a ɗora sanda a jikin ƙafar a naɗe da rawani, ba da ƙarfi ba, don kada ƙafar ta motsa, a ɗauke shi zuwa likita. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau har jini ya tsaya.

Wajen girki, ƙaramar tukunya mara nauyi mai marfi ta isa. A dafa a ciki, a tafasa ruwan sha a ciki, marfin ya zama faranti. Lokacin tafiya kada ta tafi fanko: a zuba ashana, da gishiri, da ganyen shayi a ciki a rufe. Abinci kuwa a zaɓi busasshe, don ɗanyen abinci ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, kuma yana saurin lalacewa. Garin gumba, garin rogo, ƙuliƙuli, cuku, dabino, busasshen zogale: duk ba su da nauyi, galibinsu kuma ba sa neman wuta. Sabulu ɗaya ya isa wanka, da wanki, da wanke hannu, da wanke rauni.

Sukari da gishiri ma aiki biyu suke yi. Na shayi da abinci ne, kuma su ne magani idan zawo ya kama mutum a daji. Ga awon, a riƙe shi da kyau: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A dama, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Gishirin kada ya wuce haka, musamman ga yaro. In zawon bai tsaya ba, ko an ga jini, sai likita.

Zamani ma ya kawo nasa. Wayar salula ƴar ƙarama, mai maɓallai, tana da tocila da rediyo da agogo, kuma cajinta yakan kwana biyu ko fiye. Abu huɗu ke nan a aljihu ɗaya. Amma a arewa akwai wuraren da waya ba ta kamawa, don haka a faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi da ranar dawowa.

Akwai abu ɗaya da aikinsa ɗaya ne tak, amma ba na yarda a bar shi da damina: sange. Nauyinsa bai fi rabin kilo ba sosai. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana iya kwantar da manomi mako guda daidai lokacin noman farko, ciyawa ta cinye gona. A bar bargo, a ɗauki sange. Kuma kada a tace ruwa da shi, don akwai maganin sauro a jikinsa.

Wannan ya kawo mu ga iyakar dabarar. Ba kowane abu ne ya halatta ya yi aiki biyu ba. Bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko mai a ciki bai ƙara zama na ruwan sha ba, ko sau nawa aka wanke shi. Cokalin da aka auna maganin feshi da shi ba ya komawa tukunya. Ƙyallen da aka ɗaure rauni da shi ba ya tace ruwa. Reza kuma kowa da tasa. Ƙullin maganin iri kada ya kwana wuri ɗaya da garin gumba. Na sha ganin haka a jakar masu tafiya shuka, kuma ganganci ne babba.

Idan tafiyar ta ƙungiya ce, a zauna tun daren jiya a raba kaya. Mutum biyar ba sa bukatar tukunya biyar da gatari biyar. Tukunya ɗaya, gatari ɗaya, guga ɗaya da igiya. Amma ruwa kowa ya riƙe nasa a jikinsa, don ana iya rabuwa a hanya.

Ɗaurin kaya ma da nasa sani. Abu mai nauyi ya zauna kusa da baya, mara nauyi daga waje. Jaka mai hannu biyu ta fi mai hannu ɗaya, don nauyin yana rabuwa a kafaɗu biyu. Wanda ba shi da ita ya samu buhu, ya ɗaura zane a kusurwoyinsa biyu na ƙasa da bakinsa, ya goya. Igiya siririya tana yankan kafaɗa, zane mai faɗi ba ya yi. Ruwa kuwa ya kasance inda hannu zai kai ba sai an kwance kaya ba.

Ga aikin da za ku kawo aji mako mai zuwa. Wani manomi nauyinsa kilo 65, zai tafi tunga. Ya ɗauki ruwa lita 5, gari kilo 3, sange rabin kilo, tukunya rabin kilo, bargo kilo 2, tabarma kilo 2, rediyo da tocila kilo 1. Kilo nawa ya kamata ya ɗauka? Kilo nawa ya ɗauka? Me zai ajiye, kuma me zai tsaya a madadinsa? Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa, ya nuna wa malamin ajinsu.