Darasin Kasuwanci: Sayar da Iri Don Ribar Shekara Ɗaya

Manomin citta a Fadan Kaje, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ya san ba duk abin da ya haƙo ne na kasuwa ba. Dole ya ware irin da zai shuka baɗi. Tsadar iri da ta biyo bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna a 2023 ta ƙara tabbatar da haka. Wannan lissafi shi ne ke gaban shugabannin kulob-kulob a gasar ƙwallon kwando ta NBA.

A gasar, kulob 30 kan zaɓi sababbin matasan 'yan wasa bi da bi kowace shekara, waɗanda suka fi shan kaye kuma su ke samun guraben farko. Ana iya musayar gurbin zaɓe tun kafin shekararsa ta zo. Matasa da guraben nan su ne irin kulob. Shin bayar da su don cin kofi yana da riba?

A 2018, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma yake shugabantar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a lokacin, ya bai wa San Antonio gwarzonsa DeMar DeRozan da matashi Jakob Poeltl da gurbin zagayen farko guda ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Toronto ta ci kofinta na farko a 2019. Leonard ya tafi bayan kaka ɗaya, amma buƙata ta riga ta biya.

Brooklyn Nets kuwa a 2013 ta miƙa wa Boston guraben zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musayar na 2017, don samun Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai shekara 35. Ba ta wuce zagaye na biyu na wasannin neman kofi ba. Da ta koma shan kaye, Boston ce ta girbe amfanin: ta waɗannan guraben ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka ciyo mata kofi a 2024.

Abubuwa uku suka bambanta cinikayyar biyu. Na farko, kusanci da nasara: Toronto ta riga ta ci wasa 59 daga cikin 82 a kakar da ta gabata, saura ƙiris ta kai gaci. Na biyu, ingancin haja: Leonard yana da shekara 27, yana kan ganiyarsa. Na uku, iyakance asara: Toronto ta gindaya sharaɗin riƙe gurbinta idan ya faɗo cikin 20 na farko, alhali Brooklyn ba ta yi wa nata kariya ba.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke shirin jinginar da jarin gobe don wata babbar kwangila ya kamata ya fara auna kusancinsa da ribar, da ingancin abin da zai saya, da abin da zai rage masa idan cinikin ya ƙi. Wanda ya sayar da rarar amfani ya yi ciniki. Wanda ya haɗa da iri, damina za ta same shi hannu rabbana.