Kalmar "Architecture": Asalinta, Ma'anoninta da Darasin Ginin Ƙasa

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare da ke shirin neman shiga jami'a yakan tarar da kalmar "architecture" a jerin fannonin karatu. In ya tambaya, amsar da aka fi ba shi ita ce, ilmin zanen gidaje. Amsar ba ta kauce hanya ba, sai dai ta yi gajarta. Kalmar tana ɗauke da abubuwa biyu, wato gini da ado, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan dangantakar da ke tsakaninsu. Wannan darasi zai bi sawun kalmar, sa'an nan ya auna ta da gidajen ƙasa irin waɗanda har yanzu ake gani a tsofaffin unguwannin Yako da Kiru da Bebeji.

Asalin kalmar

Tushenta na Girkanci ne. Girkawa suna da kalmar "arkhitekton", wadda aka harhaɗa daga "arkhi", wato shugaba, da "tekton", wato magini ko kafinta. Ma'anarta ke nan shugaban magina. Ɗalibin labarin ƙasa ya riga ya san rabin kalmar, domin daga "tekton" aka samo sunan ilmin motsin faifan doron ƙasa, wato tektonik.

Rumawa sun ari kalmar, suka kira sana'ar kanta "architectura". A ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani injiniyan Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi mai kashi 10 a kan fannin, ya sadaukar da shi ga Sarki Agustus. Ya ce gini nagari dole ya cika sharuɗɗa uku: ƙarko, amfani da kyan gani. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, kuma a 1563 John Shute ya buga littafin farko na Ingilishi a kan fannin.

Abin lura shi ne, Hausa tana da sarautar da ta yi daidai da kalmar Girkancin, gaɓa da gaɓa, wato Sarkin Magina. A Zariya kuwa ana cewa Babban Gwani, laƙabin Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Yadda ma'anar ta faɗaɗa

Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta fita daga hannun magina. A 1964 injiniyoyin kamfanin IBM suka yi amfani da ita wajen bayyana tsarin kwamfutarsu mai suna System/360. A 1970 masana tsirrai biyu na Turai, Francis Hallé da Roelof Oldeman, suka yi amfani da ita wajen bayyana yadda bishiya ke jera rassanta. Alal misali, giginya gangar jiki ɗaya take miƙawa sama ba reshe, ɗorawa kuwa takan buɗe rassa kamar laima. A duk waɗannan wurare ma'anar ɗaya ce: yadda aka tsara sassan abu domin ya tsaya, ya kuma yi aikinsa.

Jayayya a kan ado

A 1849 marubucin Ingila John Ruskin ya bambanta gini da "architecture". A ganinsa, bangon da aka yi don biyan bukata kawai gini ne, sai an ƙara masa abin da zai ƙawata shi kafin ya cancanci babban sunan. Bayan kimanin shekara 60, Adolf Loos na ƙasar Ostiriya ya ɗauki kishiyar wannan ra'ayi, har ya kwatanta ado da laifi, yana ganin ɓarnar dukiya ne da lokacin ma'aikaci. Duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan zato guda, cewa ado wani abu ne da ake ɗora wa gini bayan an kammala shi. Ginin Hausa na gargajiya ya nuna ba kullum haka abin yake ba.

Abin da bangon ƙasa ke koyarwa

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwan sama, kuma kudancin Jihar Kano, daga Kiru zuwa Doguwa, ya fi arewacinta samun ruwa. Saboda haka magini ba ya barin tubali tsirara. Yakan yi masa yaɓe, a kan wannan yaɓen ne kuma yake fitar da zayyana, kamar dagi da sauran zane-zane. Kalmar zayyana daga Larabci take, ma'anarta ƙawatawa, amma shafen da ke ɗauke da ita shi ne rigar ruwan bangon.

Makuba ce sirrin wannan riga. Ana samun ta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, bishiyar da masana ke kira Parkia biglobosa. In an jiƙa ɓawon, ruwan yakan yi ja-ja-ja saboda sinadarin tanin, irin wanda majema ke samu a bagaruwa don jeme fata. Tanin yana kama ƙwayoyin yumɓu, ya rage yadda ruwa ke ratsa su. Launi mai duhu da ake sha'awa a bangon da aka shafe da makuba, da ƙarkon da bangon ke yi, abu ɗaya ne ya haifar da su.

Haka kuma laso, wanda ake shafe rufin soro da shi. Ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima, da yauƙin dafara, wato tsiron da ake kira Cissus populnea. Gashin yana hana shafen tsagewa, kamar yadda ciyawa ke yi a cikin kwaɓin ƙasa, yauƙin kuma yana haɗa su wuri guda.

A cikin ɗaki, azara ce ke riƙe da rufi. Ana tsaga ta daga giginya, Borassus aethiopum, bishiyar da ke da namiji daban da mace daban, magina kuma sun fi son namijin. Giginya 'yar gidan masara da dawa ce ta fuskar tsarin kara: jijiyoyinta masu tauri sun fi cunkushewa a gefe, tsakiyarta kuwa taushi gare ta. Wannan gefen mai tauri shi ake tsagawa, gara ma ba ta cika iya cinsa ba. Sai dai azara ɗaya, in an ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta haye fiye da kimanin mita 2. Domin rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, magina suka ƙago bakan gizo: ana ɗaure azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Haƙarƙarin da baƙo ke ɗaga kai yana kallo a zauren sarki, shi ne ƙashin bayan rufin.

Wannan fasaha ba ta tsaya a da ba. Masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Kammalawa

Sharuɗɗa uku na Vitruvius sun taru a bangon da aka shafe da makuba, ba tare da an raba ado da ƙarko ba. Amma wannan ilmi ya dogara ne ga itatuwa. Giginya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa azara, ɗorawar da aka sare don gawayi kuwa ta tafi da kalwa da makuba baki ɗaya. Bugu da ƙari, yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yakan tare danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare ya bar bangon a rame. Duk garin da ya rasa itatuwan da magina masu sanin sarrafa su, gyaran tsofaffin gine-ginensa zai gagare shi.

Aikin gwaji ga ɗalibai

A kwaɓa ƙasa iri ɗaya, a yi ƙananan tubala 6 masu girma ɗaya, 3 da ruwa zalla, 3 da ruwan makuba. In sun bushe sarai, a auna nauyin kowane. A huda gwangwani, a riƙa ɗiga wa kowane tubali ruwa lita 1 daga tsayi ɗaya. A sake busar da su, a sake aunawa, a rubuta yawan ƙasar da kowane ya zubar. Malami zai iya gayyato wani dattijon magini na garin, ya duba yadda aka yi haɗin, ya kuma faɗa wa ɗalibai sunan kowane sashe na soro.