Hannun Mutum-mutumina Ya Yi Tsawo

Tambaya: Ina koyon zubin tagulla a Kachalla Sembe, Jalingo. Na zuba siffar manomi, hannayensa suka fito da tsawo, abokai suka yi ta dariya. In gyara ko in haƙura da sana'ar?

Amsa: Ɗana, kada ka haƙura. Amma ka sani, a wannan sana'a gyara na gaske a jikin kakin zuma ake yinsa, kafin a lulluɓe shi da yumɓu a zuba narkakkiyar tagulla. Bayan zubi, magagari yana goge kaushi ne kawai. Rage tsawon hannu sai an yanke an yi walda, kuma tabon yakan fito ko an goge. Ni dai ba na son ka taɓa wannan manomin. Ajiye shi gabanka, ka ƙera sabo da kaki, kana auna hannu da tsayin jiki. Bar shi ya kwana, ka sake dubawa da safe, ta gefe da ta baya.

Kuma kafin ka amince da dariyar abokai, leƙa Zing ko Yorro, nan kusa da kai. Masassaƙan Mumuye na can da gangan suke tsawaita hannayen siffofinsu na itace, ga siffofin yau a gidajen tarihi na Faransa da Amurka. Tambayi kanka: tsawon hannun manominka kuskure ne, ko ya fito da wahalar mai riƙe da fartanya? In na biyun ne, a sabon kakin ma ka bar shi, ka daidaita kafaɗun kawai.