Man riɗi ko man kaɗanya, wanne zan shafa?

Tambaya: Anti, fuskata na yawan maiƙo da ƙuraje, amma da hunturu ya kama sai ta bushe. An ce in nemi mai ɗauke da sinadarin linoleyik. Mene ne shi?

Amsa: 'Yar'uwa, kada sunan ya razana ki, yana cikin kicin ɗinki. Wani nau'in kitse ne na omega-6 wanda jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai an ci. Kusan kashi 40 cikin 100 na man riɗi shi ne, man gyaɗa kusan kashi 30, man waken suya kuwa ya haura rabi. In kina shan kunun gyaɗa kina cin kantu, bar batun sayen ƙwayoyi masu tsada.

A fata, yana cikin abin da ke liƙe samanta ya hana danshi tserewa. Man kaɗanya yana da shi kaɗan ne, ga nauyi. Bar shi ga kaushi da gwiwar hannu. Bayan wanka, tun fuska na da laima, shafa ɗigo biyu na man riɗi, amma fara gwadawa a bayan kunne. Ƙurajen da ke tara ruwa kuwa, mai ba zai magance su ba. Je ki ga likitan fata.