Baƙo A Dajin Yankari

Wani malamin makaranta ya tashi daga Matazu da rani, ya bi ta Kano da Bauchi, har ya isa Dajin Yankari a ƙasar Alkaleri. An keɓe wannan daji domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Da sassafe mai tsaron daji ya kai shi bakin Kogin Gaji cikin mota. Ya ce, "Malam, a nan shiru ake yi. Mai surutu ba ya ganin kome." Suka yi tsit. Can sai ga giwaye sun fito shan ruwa, gama da rani dabbobi a kogi suke taruwa. Da azahar ya yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar da ruwanta ke da ɗumi dare da rana.

Da ya koma gida ya ce wa yaransa, "Dajin Rugu ya fi kusa da mu, amma yau 'yan fashi sun hana matafiyi shigarsa. Daji sai da tsaro. In aka sare itatuwa, aka kashe giwaye, me za ku nuna wa 'ya'yanku?"

Tambayoyi
1. Don me dabbobi suke taruwa a Kogin Gaji da rani?
2. Me ya sa ake yin shiru a daji?