Filin Shawara: Ciwon bayan maigidana ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Maigidana manomi ne. Wata biyar ke nan yana fama da ciwon baya, ga zazzaɓin yamma da gumin dare, ya rame. Yanzu wani ƙashi ya turo a tsakiyar bayansa, ƙafafunsa na nauyi. Mun kai shi wajen mai ɗori, dangi kuma sun ce jifa ne. Wata ta ce min ko tarin fuka ne, amma ai ba ya tari. Ina mafita?
Uwargida, Kasuwan Magani, Kajuru

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki yar da maganar matar nan. Ƙwayar tarin fuka takan bi jini ta sauka a ƙashin baya ta yi ta cinsa a hankali, mutum ko tari bai yi ba. Ƙashin da ya turo alama ce gaɓar ta fara rushewa, nauyin ƙafa kuma na nuna ana danne laka. A daina murza da ɗori tun yau, kuma kada ya hau babur.

A wannan makon ku je babban asibiti, a Kafanchan ko Barau Dikko a Kaduna. Likita zai latsa bayan, ya gwada ƙarfin ƙafafu, ya sa a ɗauki hoton baya da na ƙirji. Hoton farko kan fito lafiya lau idan cutar ba ta yi nisa ba, shi ya sa ake neman MRI, mai nuna ruwan mugunya da halin da laka ke ciki. Tabbaci kuwa sai an tsotso mugunyar ko ɗan nama da allura an sa a na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar da ko tana bijire wa magani. Za a duba majina, a yi gwajin HIV. Ka'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne.

In ta tabbata, maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shansa kullum wata 12. Fitsari zai yi ja, kada ku tsorata. Wasu sai an haɗa da tiyata, a asibitin Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Addu'a ku ci gaba da yi. Amma in ƙafa ta mutu ko fitsari ya fara kubce masa, ku nemi mota a ranar, ko da tsakar dare ne.