Babi na Bakwai: Motsa Jiki ga Masu Daɗaɗɗen Ciwon Huhu

7.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, hutawa ita ce gatan majinyaci. Da zarar an ga dattijo yana haki, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a hana shi ko da ɗaukar buta. Wannan babi zai nuna cewa irin wannan tausayi yana iya zama cuta ga mai daɗaɗɗen ciwon huhu, sa'annan ya fayyace yadda ake amfani da motsa jiki wajen farfaɗo da ƙarfinsa.

7.1 Tushen Ciwon

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta yi suna wajen noman auduga da masara da dawa, kuma tun zamanin Turawa ake gurzar auduga a waɗannan garuruwa. Sai dai kowace sana'a da ƙurarta. Mai gurza yana shaƙar ƙurar auduga, mai sussuka da shiƙa yana shaƙar ƙaiƙayi, uwargida kuwa tana shan hayaƙin itace da kara a madafi mara taga. Ga kuma taba sigari, wadda ita ce kan gaba a duniya, da tabon da tarin fuka ke bari bayan an warke. Idan aka ɗauki shekaru a haka, hanyoyin iska sukan ƙuntace, har fitar da numfashi ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na toshewar huhu ya kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019.

7.2 Illar Zama Wuri Ɗaya

Mai haki yakan guji tafiya don tsoron sarƙewar numfashi. Rashin tafiyar kan sa tsokar cinya da ta ƙwauri su rame. Tsoka mai rauni tana saurin gajiya, tana kuma tilasta wa huhu ƙarin aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta haka manomin da a da yake zuwa gona a ƙasa sai ya koma masallacin ƙofar gida ma yana gagarar sa. Motsa jiki ba ya mayar da huhun da ya lalace sabo. Abin da yake yi shi ne horar da tsoka ta yi aiki mai yawa da iska kaɗan, haki ya ragu, tsoro ya kau.

7.3 Tsarin Horon

Akan fara da awo a asibiti, inda majinyaci zai yi tafiyar minti 6 a shimfiɗaɗɗen wuri, a rubuta nisan da ya ci. Daga nan sai a tsara masa horo na mako 6 zuwa 8, aƙalla sau biyu a mako a gaban jami'in lafiya, sauran ranaku kuma a gida. Horon ya ƙunshi:

(a) Tafiya a ƙasa, ana ƙara ta kaɗan-kaɗan har ta kai minti 20 zuwa 30. Ma'auninta shi ne mutum ya yi haki amma yana iya magana.

(b) Ƙarfafa tsoka, ta hanyar tashi da zama a kan kujera, da ɗaga gorar ruwa.

(c) Sarrafa numfashi: a shaƙa ta hanci ana ƙirga biyu, a tsuke baki kamar mai hura koko, a fitar ana ƙirga huɗu.

Sannu ba ta hana zuwa. Amma wanda ya daina bayan an sallame shi, ƙarfin da ya samu yakan zube cikin watanni.

7.4 Hattara

Ba a fara horo sai likita ya duba zuciya da huhu. Mai tarin da ya wuce mako biyu, ko mai kakin jini, gwajin tarin fuka ne ya kamace shi tukuna. A dakata nan take idan an ji ciwon ƙirji ko jiri ko zazzaɓi. A lokacin hunturu kuma a guji fita cikin hazo da sanyin asuba.

7.5 Kammalawa

Malamin makaranta a karkara ba aji kaɗai yake koyarwa ba, domin iyayen yara sukan nemi shawararsa. Ba aikinsa ba ne ya rubuta magani, amma zai iya fahimtar da iyali cewa raka dattijo ɗan tattaki kullum ya fi kwantar da shi amfani, ya kuma nuna masu hanyar asibiti.

Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa huɗu da ke haddasa daɗaɗɗen ciwon huhu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi.

2. Bayyana yadda zama wuri ɗaya ke ƙara wa majinyaci haki.

3. Bambance ma'anar waɗannan kalmomi, tare da sanya kowace a cikin jimla: haki, nishi, shessheƙa, kaki.

4. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji shida na firamare a kan illar hayaƙin murhu.